Likkafar tagulla ta koma ja bayan liƙi: me ya jawo, yaya launin zai dawo?

Wani matashi mai gyaran kayan doki a Daura ne ya aiko mani da wannan tambaya. An kawo mashi likkafa ta tagulla, kunnen da maɗaurin ke shiga ya tsage, mai ita kuma yana son ta kafin hawan Sallar Gani. Ya kai ta wurin maƙwabcinsa mai waldar gas suka liƙe, wurin ya yi baƙi ƙirin. Sai ya jiƙa tsamiya a wata tsohuwar garwa, ya jefa likkafar ciki ta kwana. Da gari ya waye baƙin ya fita, amma likkafar ta fito ja-ja, ruwan hoda, ko kusa ba ta kama da 'yar'uwarta. Mai doki ya ce an musanya mashi. Matashin ya rufe da cewa: "Baba, ina na kuskure, kuma launin zai dawo?"

Ɗana, kwantar da hankalinka, zai dawo in Allah ya yarda. Tagullar tana nan yadda take a ƙarƙashin jan nan, kaurinsa bai kai na fatar albasa ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, jan ba dauɗa ba ne da za ka ƙara jiƙawa ya fita. Duk daren da ka ƙara mata a ruwan tsami, ƙara mata ja kake yi. Ka tsame ta yanzu in har tana ciki, ka ɗauraye, sannan ka ci gaba da karatu.

Mu maƙeran fari a nan Katsina, in mun ce tagulla a wannan aiki muna nufin mai ruwan ɗorawa, wadda wasu ke kira farin ƙarfe. Haɗi ce ta ƙarfe biyu: jan ƙarfe, irin na cikin wayar lantarki, da tutiya. A yawancin wadda ke zuwa hannunmu jan ƙarfe yana kama kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, tutiya ta cike sauran. Tutiyar ce ke ba ta launin ɗorawa, ka zare ta jan ƙarfe zalla zai rage. To waɗannan abokan zama biyu ba su da juriya ɗaya a gaban wuta. Jan ƙarfe sai ya kai digiri 1085 a ma'aunin Salshiyas yake narkewa. Tutiya ita kaɗai tana narkewa tun a 420, ta tafasa ta zama hayaƙi a 907. Ita tagullar da suka haɗu suka bayar tana narkewa tsakanin 900 da 940. Harshen wutar mai waldar gas kuwa ya haura 3000. Kuma in na canka daidai, da sandar tagulla ya liƙe maka, irin wadda yake liƙin salansa da ita, wadda sai ta doshi 900 take gudu. Ka ga kenan kafin sandar ta narke, ita kanta likkafar ta kai bakin narkewa, tutiyar da ke fatarta tana ta tashi.

In ka tuna, lokacin da yake aikin ka ga wani farin hayaƙi yana tashi, ya bar farin gari-gari a gefen wurin. Launin likkafarka ne ke tafiya a iska. Hayaƙin nan kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare kamar mura ta kama mutum, kada ka sake ka tsaya kansa kana shaƙa. Baƙin da ka gani kuma jan ƙarfe ne da ya haɗu da iska cikin zafi ya ƙone, a ƙarƙashinsa akwai wani ɓawo ja-ja da bai gama ƙonewa ba.

Sai tsamiya ta zo ta ƙarasa. Tsamiya ba ta yi laifi ba, da ita iyayenmu suka wanke tagulla, ni ma da ita nake wankewa har gobe. Amma tsami ya fi saurin cin tutiya a kan jan ƙarfe, shi ya sa ake ba shi mintoci, ba a ba shi dare. Ga kuma garwar. Ruwan tsamin da ya wanke baƙin nan ya kwashi jan ƙarfe ya narkar a cikinsa. Da zarar baƙin ƙarfe ya taɓa ruwan, ko ƙusa ce, ko awartaki, ko jikin garwar da ya kankare, sai jan ƙarfen ya fito daga ruwan ya sake kwantawa a kan aikin, har inda wuta ba ta taɓa ba. Don haka ɗauki likkafar ka duba ta a haske. In jan ya taru a kewayen liƙin yana dusashewa yayin da ka yi nisa da shi, aikin wuta ne. In ya lulluɓe ta ko'ina bai ɗaya, har matakin ƙafa, aikin garwa ne. Yadda ka ba da labari ina zaton ka haɗa biyun. Na garwa shafe ne kawai, yana fita da sauƙi. Na wuta ya ɗan fi nutsewa.

Kafin ka goga komai a jikinta, kanga mata maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne. Tagulla ta gaske ba ta kama shi. In ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, kuma gugar da zan faɗa maka za ta tone shi ne gaba ɗaya, wannan sai dai a sake mashi shafe. Kayan kasuwa na yanzu da yawa haka suke, na ga mutum ya rantse da cewa abinsa tagulla ne, maganaɗisu ya ƙaryata shi.

In ta tabbata ta gaske ce, hanya mafi aminci ita ce guga. A wuri mai santsi ka fara da sanfefa mai lamba 400, da ruwa, kana bin gefe ɗaya, har ka ga ɗorawar ta leƙo. Ka koma 600, sannan 1000 ko 1200, kowace ta share zanen da ta gabanta ta bari. In ba ka da sanfefa mai laushi, tankaɗaɗɗiyar toka da jiƙaƙƙen tsumma suna cire shafen garwa, sai dai su ci maka lokaci. Burushi kuma ya zama na wayar tagulla, da ruwan sabulu. Na baƙin ƙarfe yana yagar fata, ya bar ɓurɓushin da zai yi tsatsa daga baya.

Matsalar guga ita ce zane. Likkafa mai ado tana da lunguna da sanfefa ba ta shiga, in ka matsa kuma ka shafe aikin wanda ya ƙera ta, abin da ba ka da ikon mayarwa. A nan nake amfani da ruwan wanke ciwo na kemis, wanda ke kumfa in an zuba a rauni, haidurojin feroksaid, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari. Awo uku nasa, awo ɗaya na farin ruwan kal, a roba ko kwanon gilas. Ka fara wanke likkafar da sabulu don maiƙo ya fita, ka nutsar da ita duka. Za ka ga ƙananan kumfa sun fito a jikinta, ruwan ya fara komawa shuɗi-shuɗi. Shuɗin nan jan ƙarfen ne yake barin ta. Kada ka tafi sallah ka bar ta, zauna kusa, duk bayan minti biyar ka ɗago ta da tsinken ice ka duba. Galibi cikin minti 15 zuwa 20 an gama. Za ta iya fitowa da wani dattin ƙasa-ƙasa, wannan ɗan tsoma ta a ruwan kal zalla da burushi yana kawar da shi. In ka bar ta ta daɗe, haɗin zai fara cin ita kanta tagullar, fatar ta yi kaushi kamar an watsa mata yashi.

Abu uku game da wannan ruwa. A haɗa shi lokacin da za a yi aiki, don ƙarfinsa ba ya kwana. Kada a zuba shi a kwalba a toshe, yana fitar da iska, kwalbar za ta iya fashewa. Sannan a yi shi a fili, a kuma zubar da shi a rami inda dabba ba za ta sha ba. Tumaki musamman ba su jure jan ƙarfe a ciki, kaɗan yana kashe su, gidajenmu kuwa ba a rasa tunkiya tana yawo a tsakar gida.

Bayan kowane tsami, tsamiya ce ko lemun tsami ko wannan haɗin, ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka tsoma a ruwan kanwa ko na bekin soda don ya kashe sauran tsamin da ya maƙale a lungu, ka sake ɗauraya, ka shanya a rana har ta yi ɗumi a hannu. Daga nan sai man goge tagulla irin su Brasso da tsumma mai laushi. Ga shawarar da za ta raba ka da mai doki lafiya: ka ce ya kawo maka ɗaya likkafar. Wadda ka gyara za ta fito sabuwa fil, waccan kuma ta yi shekaru tana shan gumi da ƙura ta yi duhu. In ba ka goge su tare ba, gardamar musanya ba za ta mutu ba ko da launin ya dawo.

Yanzu bari in koma kan yadda za ka kauce wa wannan a gaba, don a wurina nan ne aikin yake.

Ka fara da zaɓen abin liƙin, wanda tsofaffinmu ke kira sinadari tun kafin kalmar ta bazu ta koma sunan kowane haɗi. Dalma irin ta masu gyaran rediyo tana narkewa a wajen 183 zuwa 190. A wannan zafi tagulla ba ta canza launi in ban da ɗan duhu da tsumma ke sharewa. Ta dace da abin ado da ba ya ɗaukar nauyi, amma kunnen likkafa da namiji zai tsaya a kai doki na sukuwa, haram ka liƙe shi da dalma, ran mutum ne. Kuma dalma guba ce, kada ta shiga buta ko kwano ko duk abin da za a ci ko a sha a ciki. Sandar tagulla ta mai walda na riga na faɗa maka illarta. Abin da ke tsakiya, wanda ya dace da aikinka, shi ne sinadarin azurfa. Mai azurfa kashi 55 ko 56 cikin ɗari yana gudu tsakanin 620 da 660, ka ga ya bar maka tazarar kusan digiri 250 kafin tutiya ta fara tashi da gaske. Yana da tsada, amma abin da kunne ɗaya zai ci bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ko uku ba. In za ka saya ka nemi wanda aka rubuta ba shi da kadmiyam, don hayaƙin wancan ya fi na tutiya mugunta nesa ba kusa ba. Sandar masu gyaran firji, mai ruwan ƙasa, ita ma tana kama tagulla in an sa mata hodar liƙi, wato garin da ke kare ƙarfe daga iska don sinadari ya gudu, sai dai ta fi son zafi kuma layinta duhu yake fita.

Sai tsabta. Ka kankare bakin tsagar da magagari har ƙarfe mai haske ya fito, ka wanke maiƙo, in akwai banish ka cire shi da tina, don banish in ya ƙone yana barin baƙin da ya fi na wuta taurin kai. Ka duba da kyau ko an taɓa liƙe wurin da dalma. Kayan doki na gado da wuya ka samu wanda wani bai taɓa ɗiga wa dalma ba. In ka kai shi zafin azurfa da sauranta a jiki, za ta nutse cikin tagullar ta ci rami, wannan kuwa ba guga ba wanka. Sannan bakin biyu su haɗu ƙam, har in ka ɗaga a rana haske ba ya ratsawa sosai. Sinadarin azurfa siririn wuri yake bi, ba ya cike gibi.

Abin da ya fi rage mani wahalar wanki a shekarun nan shi ne rufe aikin gaba ɗaya kafin wuta. Iska ce ke ƙona fatar tagulla, in ka hana ta isa wurin ka rage baƙin da jan tun daga tushe. Ina zuba garin borik asid a sifirit, in kaɗa, in tsoma aikin ko in shafe shi da burushi, in rufe kwalbar in kai ta nesa, sannan in kanga wuta. Sifirit ɗin ya ci da koren harshe ya mutu, ya bar farin gari ya lulluɓe ko'ina kamar an barbaɗa alli. Wannan garin in ya ji zafi narkewa yake ya zama siririn gilas a kan ƙarfen. A bakin tsagar kuma sai hodar liƙi, a dama ta da ruwa ta yi kaurin koko. Boraks da muka gada yana aiki, amma ka sani sai a 743 yake narkewa, wato sinadarin azurfa mai saurin gudu yana riga shi. Shi ya sa ga irin wannan na fi son farar hodar da ake sayarwa tare da sandar azurfa, ita tun wajen 600 ta zama ruwa.

Wuta kuma a yi ta a inuwa. Wannan na koye shi da tsada. Ina yaro a maƙerar kawuna, aka ba ni murfin wani shantali in liƙe mashi mariƙi, na fito da shi bakin ƙofa da hantsi don in ga hanya. Ina ta zuga ina jiran ya yi ja, a idona bai yi ba, ashe rana ce ta shanye jan. Sai gani na yi gefen ya yi ƙyalli ya lotsa. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗauki wani guntu ya ja ni can ƙuryar rumfa inda duhu yake, ya sa a gawayin ƙirya, ya ce kada in kalli wutar, in kalli hodar. Ta kumbura ta yi fari kamar gugguru, ta lafa, ta yi kamar danƙo, can sai ta narke ta kwanta garau kamar ruwa, ƙarfen kuma ya ɗauki wani ja mai duhu da ba za ka gan shi a rana ba. Ya ce, "Yanzu." Ya taɓa sinadarin, ya ruga cikin tsagar kamar an ja zare, ya janye aikin nan take. Tsakanin "yanzu" da janyewa bai kai ƙirga biyar ba.

Yawancin ɓarnar launi a wannan ɗan tsakanin take faruwa. Ko dai mutum ya wuce lokacin bai sani ba, ko kuma wutarsa ta yi kaɗan ga aikin, ya daɗe yana gasa wuri ɗaya har hodar ta gaji ta ƙone ta bar ƙarfen tsirara. Likkafa abu ne mai kauri, tana shanye zafi. Ka kewaye ta da gawayi ko bulon da ke jure wuta, ka ɗumama jikinta duka tukuna da babban harshe mai laushi, sannan ka matso kan kunnen. Zafin ƙarfen ne zai narkar da sinadarin, kada ka sa bakin wuta a kansa kai tsaye. In dole sai da wutar maƙwabcinka, ka ce ya rage ta har ta daina tsiwa, ya ja baya, ya riƙa yawo da ita. Da hunturu kuma ka kare iska, tana kwashe zafi ta tsawaita maka aikin. In akwai wani sashe siriri kusa da ba ka son ya ji wuta, naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ko ka shafe shi da ɗanyen yumɓu.

Karin maganar nan ta da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ta maƙeran baƙi ce. Tagullar zubi galibi daga tarkacen famfo da kwado ake narko ta, irin waɗannan kuwa suna ɗauke da 'yar dalma a ciki, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. In ka buge ta ko ka murɗa ta tana ja, tsagewa za ta yi. Ka bar ta ta huce da kanta har ka iya kusantar da hannu, sannan ka sa ta a ruwan ɗumi ya jiƙa gilas ɗin hodar. Daga nan sai tsami: tsamiya, lemun tsami, ko alif da aka narkar a ruwan zafi, a kasko ko roba, da ɗumi, minti 5 zuwa 10, kana dubawa. Kawuna da tsinken gora yake tsamo aiki, bai taɓa bari awartaki ya shiga kaskon ba, sai da na girma na gane dalili. Wasu na amfani da ruwan batir don sauri. Ban ba ka shawararsa ba, yana cin hannu da tufa da ido, kuma ya fi kowa saurin fito da jan.

Akwai wani launi kuma da ba ka tambaya ba amma zai same ka, wato kore. Wannan yana bin liƙin dalma ne in an yi shi da ruwan asid da aka kashe da tutiya, irin na masu liƙin lagireto. Aikin zai fita tsaf, bayan mako biyu, musamman da damina, sai kore ya tsiro a bakin layin yana cin ƙarfen. Maganinsa wanki da ruwan zafi da kanwa da burushi a ranar da aka yi liƙin. In dalma ta malale ta bar tabo toka-toka a fili, a kankare ta da kaifin wuƙa a bi da sanfefa, kada a ce za a kore ta da wuta. Kafin liƙi kuma, in ka zagaye wurin da baƙin fensir ko ɗan yumɓu, sinadarin ba ya tsallake shi.

Layin azurfa dai fari zai fita a kan ɗorawa, babu wankin da zai canza wannan. Abin da ke ɓoye shi shi ne haɗuwar baki da ƙarancin sinadari, har ya zama kamar gashi ɗaya. Ka gaya wa mai kaya tun kafin ka fara.

In kun gama, ka shafa wa likkafun biyu ɗan kakin zuma ka goge, ya fi banish a wurin da takalmi ke gurza. Ka kuma roƙi mai dokin kada ya rataye su a barga bayan hawa. Warin fitsarin doki yana ɗauke da amoniya, ita kuwa tana dusashe tagulla, har ta tsaga wadda aka buga ko aka lanƙwasa. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwanson harsashinsu na tagulla yana tsagewa bayan an ajiye shi a bargar dawaki da damina, sai a 1921 aka tabbatar fitsarin ne sanadi. Ban ce shi ya tsaga kunnen nan ba, nauyi da shekaru sun isa su yi haka, amma ka tambaye shi inda yake ajiye kayan. Ya share masu gumi, ya naɗe su a busasshen ƙyalle, ya sa a ɗaki. Kunnen da aka liƙe kuma ka rataya shi ka ɗora mashi nauyinka kafin ka miƙa, don wuta mai yawa da ya sha a hannun mai walda tana iya raunana gefen liƙin, gara ya nuna maka a rumfarka da ya nuna a filin hawa.